Kurkunun Mode

"Kak ka ja ta, Ɗanliti. Murɗa guda, ka tsaya."

Malam Mainasara ne ke magana daga kan tabarma, murya ta dushe amma faɗan yana nan. Shekara arba'in zaurensa a Bodinga yana karɓar marasa lafiya, ya ciyar da su, ya yi musu magani, duk saboda Allah. Daminar shekarar samun mulkin kai ciwo ya kwantar da shi, hannunsa na rawa, ga kuma Mode, wani manomi daga Lambara, kwance da kurkunu a ƙafa. Tsutsar nan a jikin siririn kara ake naɗe ta, kaɗan-kaɗan kullum. In ta katse a ciki ƙafa ta kumbura, wani ma ya gurgunce.

Aikin kuwa sai ya faɗo kan maƙwabcinsa Ɗanliti mai albasa, mutumin da ko kunu ba ya jira ya huce.

"Malam, wagga tsutsa ba ta ƙarewa? Kwana goma sha biyu hwa."

"Ka katse ta, ni ko ba ni mutuwa sai na gama da kai."

Mode ya ce, "In haka na, katse ta, Ɗanliti. Na ba da ƙahwar, mu daɗe da Malam."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ɗanliti ma ya dara, amma gumi ne ke zuba masa, don tsoron ƙafar nan ya hana shi sakat.

Rana ta goma sha tara, da hantsi, wutsiyar ta zame ta fito lafiya lau. Ɗanliti ya rarrafa ya kai karan gaban Malam. Tsohon ya juya shi, ya duba sosai.

"Ashe kana da hanƙuri, ɓoye muna shi kaka yi. A damo min hura."

Ya sha, ludayi uku cur, abin da ya yi mako bai yi ba. Ranar Juma'a bayan Azahar Allah ya karɓi abinsa. Mode na cikin waɗanda suka ɗauki makara, da ƙafafunsa biyu, bai yarda an karɓe shi ba har maƙabarta.

Da Ɗanliti ya dawo, sai ya tarar da wani baƙo daga Dandin Mahe zaune a ƙofar zauren, ƙafa ɗaure da tsumma. Ya dube shi, ya dubi tabarmar Malam da ke jingine a bango. Ya shimfiɗa ta, ya zaro kara daga dangar gidan, ya zauna yana fere shi a hankali.