Hoton Bushiya

Mijina ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara wa mutane tsayuwa. Duk wanda ya shiga shagonsa ɗaukar hoto, sai ya ɗaga masa haɓa, ya daidaita masa wuyan riga, ya ja labulen baya har ya miƙe sumul. "Daga baya hoto yake lalacewa," in ji shi, kuma na ji wannan magana har ta ishe ni. Unguwa kaf Mai Hoto suke kiransa. Ni Malam nake ce masa, sai in ya ɓata min rai in ce Mai Hoto kamar kowa.

A farkon zafin bana likita ya ce hawan jinin ido ne ya kama shi. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana binsa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya rufe shago, ya dawo gida da kyamara ɗaya da kujerar da yake zaunar da mutane a kai. Namijin da ya saba fita, ranar da ya zauna a gida matarsa ce ta shiga uku. Ya sake min jeren kofuna, ya ce labulen falo ya karkace. Da na gaji na kora shi lambu.

Lambun ma suna ne kawai. Bishiyar lemon tsami ce guda, da ɗan tumatir, da famfo mai ɗiga, sai tarkace jibge a gindin katanga: tsohon kwanon rufi, tayar mota, fasassun tukwanen fure, da bahon da ya ɓule. Amma da zafi ya tsananta, ɗigon famfon nan ya zama kasuwa. Kurciyoyi su zo da hantsi, kurege ya diro ta katanga, ƙadangaru suna ta gyaɗa kai kamar an tambaye su. Malam ya dasa kujerarsa a inuwar lemo yana ɗauka yana mita.

"Wannan kuregen ba shi da tarbiyya," ya ce. "Ka ce masa tsaya haka, ya juya maka wutsiya."

"To ka tashi ka ɗaga masa haɓa mana," na ce.

Wata rana gab da faɗuwar rana ya leƙo kicin yana magana ƙasa-ƙasa. "Maman yara, ajiye wuƙar nan ki zo. Kada ki ja takalmi."

Bushiya ce ke lallaɓowa ta gindin katanga, 'ya'yanta na biye da ita, kowane bai wuce ƙwan kaza ba, ƙayoyinsu ko ƙwari ba su yi ba. Ta sha ruwa, suka sha, ɗaya ya faɗa cikin taɓo ya dunƙule. Na juya na ga Malam yana murmushin da rabona da shi tun ranar asibiti.

"Wannan nake so ya zama na ƙarshe," ya ce. "In samu guda ɗaya mai kyau, a wanke shi babba, in gan shi da idona kafin ya rufe. Daga nan kyamarar ma a ba wanda ake so."

Tun daga ranar, da la'asar ta yi sanyi yake zama. Bushiyar ba ta saɓa alkawari. Ya ɗauke ta tana shan ruwa, ya ɗauke ta tana tura ɗanta da hanci. Wata yamma ya shigo ina tsaka da suya, ya miƙo min bayan kyamara. Na kalla da wutsiyar ido, mai yana ta fallatsa.

"Ya yi kyau," na ce.

"Ina kyan yake? Dubi taya. Dubi bahonki ya fito kamar shi aka zo ɗauka." Ya fara danna maɓalli, ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, gogewa kake? Ka bar ko guda."

"Wanda ya ajiye mummuna ba ya neman mai kyau. Ni shagona bai taɓa fitar da hoto mai datti a baya ba."

Hali zanen dutse. Washegari da safe ya kira mai kwasar shara, ya aika aka sayo farin fenti. Za a kwashe tarkacen, a shafe katangar, bushiya ta fito a kan fari tas kamar amarya a shago. Ni kuwa daɗi ya kashe ni, don tun yaranmu na gida nake roƙon a raba ni da jibgin nan. Har ruwan sanyi na kai wa mai sharar.

Taya ta shiga baro, tukwane suka bi ta, baho ya bi su. Da mutumin ya ɗaga kwanon rufin sai ya ja da baya.

"Baba, ai akwai masu gida a nan."

Muka matsa. A ƙarƙashin kwanon akwai sheƙa ta busassun ganye da ciyawa, an shirya ta tsaf. Uwar ta dunƙule kamar ƙwallo tana huci, 'ya'yan na cusa kai ƙarƙashinta suna gudun haske. Duk zaman da muka yi muna kallonta, babu wanda ya taɓa tambayar daga ina take fitowa. Mun ɗauka baƙuwa ce, ashe maƙwabciya ce.

Kyamarar na rataye a wuyan Malam, amma bai ɗaga ta ba. "Mayar!" ya ce. "Mayar da shi yadda yake, don Allah, a hankali."

Aka mayar da kwanon. Malam ya sa aka sauke tayar ma daga baro, aka jingina ta inda yake zaton nan take. Mai sharar ya kalle mu, ya ga mutane sun kira shi kwasa suna sa shi zubarwa, ya ja baronsa ya tafi yana girgiza kai.

Da yamma ba ta fito ba. Washegari na leƙa ƙarƙashin kwanon, ganyen na nan, masu ganyen sun yi gaba. Karin maganar nan ta garin neman gira ta zo min har bakin leɓe. Na haɗiye ta, don ba a faɗa wa mutum irinsa ƙarshenta.

Bayan mako guda ya ɗauki burushi ya shafe katangar da kansa. Ya ce tunda an riga an sayi fentin, kuma wa ya sani, ko za ta dawo. Ya bar famfon yana ɗiga, ya hana a taɓa shi. Kurciyoyi suka ci gaba da zuwa, kurege ma haka, amma ko kallonsu ba ya yi. Kullum la'asar yana kan kujera, kyamara a cinya, fuskarsa na kallon farar katanga. Na lura ya fara laluben hannun kujerar kafin ya zauna. Daga baya ya fara tambayata ko rana ta faɗi, alhali da sauranta. Tausayinsa ya hana ni yi masa tsiya, gidan ya yi shiru ba daɗi.

Da ruwan farko ya kusa, wata yamma ina tsinkar tumatir na ji ƙarar kyamara sau biyu da sauri.

"Maman yara, zo! Ta dawo. Ga ta can kusa da famfo." Ya miƙo min kyamarar. "Duba min, ni gilashin nan duhu yake min yanzu. Ta fito?"

Na duba. Katanga fara sol, hasken yamma ya kwanta a kanta gwanin sha'awa. A gindin famfo baƙar leda ce iska ta kawo, tana motsi kaɗan-kaɗan. Na so in yi masa ƙarya, amma na san zai ce a wanke a rataye.

"Leda ce, Malam."

Sai ya cire igiyar kyamarar daga wuyansa, ya naɗe ta a hankali.

"Wanda na nuna miki a kicin," ya ce, "wanda take tura ɗanta da hanci. Ke kin gan shi da ido biyu. Zauna ki faɗa min yadda yake."

Na zauna a bakin famfo, na rufe ido ina neman hoton nan a kaina. Na ga kaskon suya, na ga hannunsa yana miƙo min kyamara.

"Ina jin ki," ya ce.

"Akwai taya," na ce. "Da baho."