Tseren Mota a Shagon Yaya

Wata takwas mai gyaran kwamfuta ya yi yana harhaɗa wata tsohuwar kwamfuta. Akwatinta a wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa ya tsinto shi, allon cikinta sai da ya goge masa tsatsa da buroshin haƙori, katin sauti kuwa sau uku ana aiko masa matacce. Matarsa har tsokanarsa take yi, wai in ta fara magana a kawo ta su gaisa.

Irinta sak ce a ofishin marigayi mahaifinsu, inda shi da ƙaninsa suke wasan tseren mota duk Asabar. A wurinsa babu kwanakin da suka kai waɗannan daɗi. Ƙanin ya shekara goma sha ɗaya a wata ƙasa, ko waya sai da dalili, ga shi aiki zai kawo shi gari na kwana biyu.

Da hantsi ya iso shagon, ya yi ƙiba, furfura ta fito masa. Bayan sun gaisa, yayan ya yaye zanen da ya rufe kwamfutar da shi, ya danna maɓallin kunnawa. Fanka ta yi gurnani, sai ga kiɗan nan na dā.

"Ka gane ta?"

Ƙanin ya daɗe yana kallo. "Na gane ta, Yaya."

"Ka tuna yadda muke kwasar tsere? Har Baba ya gaji ya kore mu."

"Kai kake tsere," ya ce a hankali. "Ni a bayan tebur nake durƙusawa ina danne wayar allo, don in na saki hoton ya koma kore. Kullum sai ka ce saura zagaye ɗaya. Ƙarar kawai na sani."

Yayan ya buɗe baki zai musa. Ya lalubi ranar da ya taɓa ganin ƙaninsa a kan kujerar, ko sau ɗaya, bai samu ba. Ƙeyarsa kaɗai ya tuna, tana leƙowa ta bayan allo.

Ya ja kujerar. "Zauna, Auta."

"Haba Yaya, da girmana?"

"Don Allah."

Ya zauna. Yatsunsa ba su san maɓallan ba, tun a kwanar farko jar motar ta daki katanga. Ya sake, ta sake daka. Ya yi 'yar dariya, ya duba agogo, ya ce ana jiransa a taro. A bakin ƙofa ya dafa kafaɗar yayansa.

"Ka yi ƙoƙari. Abin ya wuce, kada ka sa a ranka."

Washegari jirginsa ya tashi. Da yamma matar ta ga mijinta ya dawo tun kafin lokacin rufe shago, ta tambaye shi ko ƙanin ya ji daɗi.

"Ya ce na yi ƙoƙari," ya amsa, ya zauna cire takalmi, ya daɗe bai ɗago ba.