Ranar da Dakta Alamin Ya Kasa Kama Bakinsa

Duk sashen Fiziks an san Farfesa Gidaɗo da Dakta Alamin ba sa ga-maciji tun rikicin kujerar shugaban sashe. Sai ga shi Farfesa aka ba jagorancin zaman da Haulat, ɗalibar Alamin, za ta kare digirinta na biyu. Wata jami'a a waje ta ba ta gurbin karatu, da sharaɗin ta kai sakamako kafin ƙarshen wata. Farfesa yana sane da wannan sarai.

Ƙa'idar zaman kuwa ba ɓoyayya ba ce: malamin ɗaliba ya zauna a baya ya yi gum. In ya tanka, zama ya rushe sai zango mai zuwa.

Haulat ta yi bayani tiryan-tiryan, cewa jan hasken na'urar lesa in ya tsananta ƙwarai yakan fizge elektiron daga jikin ƙwayar zarra. A kwamfuta ta yi lissafin, don babu irin na'urar a Katsina.

Farfesa ko kallonta bai yi ba. Ya ce, "Ke ɗiyata, jan haske komi ƙarfinshi ba ya cire elektiron. Wanga ko ɗan aji ɗaya ya san shi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan a haske mai rauni ne. In ya tsananta, ƙwayoyin haske da yawa ke taruwa kan elektiron guda lokaci ɗaya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

Amsa ta yi daidai, kuma Farfesa ya fi kowa sani. Mugu dai ba ita yake farauta ba.

Ya ce, "Ba laifinki ba ne. Mi za ki koya wajen wanda ya tafi Turai ya yi shara a ɗakin gwaji, ya dawo mana da hoto gaban na'urar mutane?"

Haulat ta waiga tana roƙon malaminta da ido kada ya tanka. Alamin akwai ilimi, amma zuciyarsa a kusa take, abin haushi.

Ya miƙe. "Ƙarya kake, Gidaɗo." Ya nufi allo ya cika shi da lissafi, ko kuskure ɗaya babu.

Farfesa ya bari sai da ya gama, sannan ya rufe kundin binciken Haulat a hankali. "Madalla, malami ya kare aiki. Ɗaliba kuma sai zango mai zuwa."

Alamin ya juyo yana huci, alli a hannu. Haulat tana naɗe wayar kwamfutarta.

Ta ce, "Malam, ai na riga na ba shi amsa."