Ƙofar Kafinta Ran Lahadi

Duk layin nan babu gidan da Kafinta bai sa wa ƙofa ba. Shi ya yi ƙyauren mai kemis, shi ya sa wa makarantar yara sakata, har kwaɗon ofishin Fasto shi ya zaɓo. Amma tasa ƙofar, ta jan katako mai zanen ganye, wadda ya fi ɓata wa lokaci, ba ta taɓa ganin makulli ran Lahadi ba.

Abin gādo ne. Marigayi mahaifinsa, in za a tafi sujada, sai ya jawo ƙofa ya sakaya kawai, ya ɗaga yatsa ya ce, "A rubuce yake, wanda ya kulle ƙofa ranar Ubangiji, albarka ya kulle a waje." Da wannan aya Kafinta ya girma, kuma ya riƙe ta gam. Ko a taron maza aka zo maganar dogara ga Allah, sai ya gyara murya ya kawo misali da ƙofarsa.

Matarsa ce dai ba ta gamsu ba.

"Baban yara, ko ɗakin kwana mu kulle mana."

"Rabin bangaskiya ke nan. Kin taɓa ganin an yi rabin ƙofa?"

Wata Lahadi suka dawo babu dutsen guga. Kafinta ya ce gwaji ne. Wata mai zuwa rediyo ya bi sahu. Ya ce gwaji ne ya ƙara nauyi.

"Gwajin nan fa ya san kaya," in ji matar. "Ga fankar da ba ta juyawa nan, bai ko kalle ta ba."

Sai ranar da suka taso daga coci, tun daga bakin layi Kafinta ya hango kujerun falonsa. Ya tsaya ya murza ido. Ƙofar ce ɗungurungum babu. An kwance ta tsaf, ba a ko karce bango ba, an kuma jera ƙusoshin a bakin taga. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, bai san lokacin da ya ce, "Kai, wannan ya iya aiki," ba.

Maƙwabta suka taru ana jajantawa, ana danne dariya. Mai kemis ya ce, "To yanzu kam albarka sai ta shigo ba sallama."

Matar ta rataya tsohon labule a wurin.

Washegari ya tafi wurin Fasto, ya roƙe shi ya yi wa'azi a kan ayar ƙofa, don masu dariya su san ba wauta yake yi ba.

"Wace aya ke nan, Baba?" in ji Fasto.

Kafinta ya karanto ta, har da ɗaga yatsa.

Fasto ya sosa ƙeya. "Gaskiya ban taɓa cin karo da ita ba. Amma kada ka tsaya a kan maganata. Kana da Littafi Mai Tsarki a gida, ka duba. In ka samo, ni da kaina zan yi wa'azin."

Kafinta ya fito yana tausaya wa ikilisiyar da aka ba yaron da bai gama karatu ba. Ya ɗauko Littafin mahaifinsa daga saman kabad, ya kaɗe shi, ya kai shago. Tsakanin yankan katako da bugun ƙusa sai ya zauna a kan benci, fensir a bayan kunne, yana bin layi da yatsa. Aikin mutane ya yi ta jira.

Ƙofofi kam ya same su birjik. Ga waɗanda aka gina, ga waɗanda aka sa wa masu tsaro. Har ya iso wurin da manzanni da kansu suka shiga ɗaki suka kulle. Nan ya rufe Littafin da sauri, ya waiga ko matarsa na kusa. Abin da bai nema ba kuma shi ya yi ta tare masa hanya: mayunwata, gwauraye, baƙi, marayu. Ya kai bangon ƙarshe, ayar Baba ko ƙyallinta bai gani ba.

Abin ya daina ba shi haushi, ya koma ba shi tsoro. In Baba ya yi kuskure a wannan, a me kuma ya yi? Ya wanke hannu ya nufi gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, ita kaɗai ta rage a manya.

Ya same ta tana tsintar wake a faranti. Da ya gama bayani, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Ayar yayana! Ɗan nan, ai a gabana ya ƙirƙiro ta."

"Gwaggo, Baba fa?"

"Shi ɗin. Ka tuna tsohon nan mai shagon yadi da ke bayanku, wanda gobara ta cinye masa komai? Yunwa na cinsa, amma ya gwammace ya mutu da ya miƙa hannu. Sai ubanka ya ce masa, ran Lahadi layi ba kowa, ƙofa a buɗe take, akwai kwano a rufe a kan tebur. Kai kuma da bakinka kamar rariya, kullum 'Baba, don me ba a kulle ba?' In ya gaya maka gaskiya, kafin a tashi sujada duk gari ya ji. Shi ne ya toshe maka baki da 'a rubuce yake'."

"To bayan tsohon ya rasu fa?"

"Ina zai sa fuskarsa ya ce ayar ta ƙare aiki? Na sha gaya masa, ɗora wa Allah maganar da bai faɗa ba ba abin wasa ba ne. Ya ce zai gyara, har ya tafi bai gyara ba." Ta ture farantin gefe. "Kuskurensa ke nan, kada ka gāje shi. Amma kwanon nan, shi ne biyayyarsa. Kai ka riƙe ƙofa ka bar kwano."

Kafinta ya dawo gida a sanyaye. Ya ɗaga labule ya shiga, ya zauna, ya kwashe duka ya faɗa wa matarsa. Ya jira ta ce ai ta faɗa. Sai ta ce, "To wa ke jin yunwa a layin nan?"

Ya san faɗin ƙofar kowane gida, amma bai san abin da ake ci a bayanta ba.

"Tsohon maigadin makaranta," in ji ta. "Tun da aka sallame shi, hayaƙi bai cika tashi a gidansa ba."

A makon nan ya yi sabuwar ƙofa, ya sa mata kwaɗo mai nauyi. Ran Lahadi ya kulle, ya yi gajeriyar addu'a. Sannan ya karɓi kwanon abinci daga hannun matarsa, ya zagaya ta lungu don kada a gan shi.

Maigadi ya leƙo fuska a murtuke. "Wa ya ce maka ina bara?"

"Haba Baba, wane ni. Maman yara ce muke gardama da ita, na ce ta cika gishiri, ta ce ƙarya nake. Shi ne muka ce ka raba mu."

Tsohon ya karɓa da ƙyar, ya ɗanɗana, ya sake ɗanɗanawa, ya ja kwanon ciki.

"Ka gaya mata gishiri daidai ne. Man ne ya yi kaɗan. Ta gyara, mako mai zuwa in sake dubawa."