Lasifikar Kawu Imedi

Ranar da aka hana Imedi Mdoka sabunta takardar izinin zama bai iya cin abinci ba, amma ya kira la'asar a kan lokaci. Tun gemunsa na baƙi yake ladanci a ƙaramin masallacin Indiyawa da ke bayan kasuwar garin Ladysmith, nesa da ƙasarsa Malawi. Ya ɗaukaka ƙara a kan maganar izinin, aka sake hana shi. Jami'an shige da fice suka ce ya kawo kansa ofishinsu ranar Litinin da jakarsa, motar da ke kwashe 'yan Malawi za ta mayar da shi gida, kuma kada ya sake tako ƙasar sai bayan shekaru.

A watan nan dai aka ba Twaibu, ɗan ƙanwarsa, nasa izinin. Yaron da shekaranjiya ya zo, yana wankin mota a bakin titi, shi aka ga ya cancanta. Imedi ya yi masa murna da baki, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

A wurinmu 'yan ƙabilar Yao, abin kawu ɗan 'yar'uwa ke gadonsa, kuma ladancin nan ma haka ya zo hannun Imedi, daga nasa kawun. Dattawan masallacin sun saba da tsarin: ladan mai tafiya ya kawo magajinsa, su saurare shi sau ɗaya, shi ke nan. Aikin yana tafe da ɗaki a bayan masallaci, da albashin da ke ɗora tukunya a gida biyu can garinsu Mangochi, gidan Imedi da na ƙanwarsa. Don haka babu wata shawara, Twaibu ne.

Ranar Asabar Imedi ya kira shi ɗakin. Suka ci tuwon masara da busassun ƙananan kifin tafki, sannan Imedi ya wanke hannu ya ce, "To, mai takarda, tashi mu ji. Ko wankin mota ya cinye muryar?"

"Kawu ke nan. Ai sabulu wanke maƙogwaro yake yi."

Twaibu ya miƙe, ya sa yatsu a kunne, ya fara kiran salla a hankali don kada a ji a waje. Imedi ya kasa kunne. Ya san yaron yana da murya, ya taɓa jin sa a zikirin wata jana'iza, amma bai san ta kai haka ba. Tana hawa babu gargada, ta tsaya a sama yadda ta ga dama, ta sauko ba tare da numfashi ya yanke ba. Tasa muryar kuwa shekaru sun fara cin gefenta, shi ya fi kowa sani.

Nan take ya hango abin da zai faru. Mako ɗaya ya isa. Haji Gulam Vawda, shugaban dattawan, zai riƙa cewa ai Allah ya yi musu canji mafi alheri. Matan da ke aiko masa shinkafar biriyani ranar Juma'a za su aika wa Twaibu, a kwanon da ya sani. Yaran da suka tashi da muryarsa za su manta akwai wani Imedi. Ƙasar ta ɗauki Twaibu ta tofar da shi, yanzu masallacin ma zai yi haka. Kishi ne, tsagwaronsa, kuma ya san sunansa sarai lokacin da ya buɗe baki.

"Zauna," ya ce. "Wannan a Mangochi ne za a yaba maka. Mutanen nan 'yan kasuwa ne, shago suke bari a buɗe su zo. Ba sa son ja. Ka datse, ka sauke murya, ka gama da wuri."

"Amma Kawu, ai kai kana ja."

"Ni na tsufa a cikinsu, haƙuri suke yi da ni. Kai baƙo ne. Ka zo musu da gwaninta su ce yaro ya cika iyayi."

Twaibu ya sunkuyar da kai. "Da ba ka faɗa mini ba da na kwafsa. Allah ya saka, Kawu."

Imedi ya gaya wa kansa cewa ba komai ba ne. Aikin ai na gado ne, ko da muryar agwagwa za a ba yaron. Shi dai a ɗan yi kewarsa, abin da yake so ke nan.

Azahar ɗin Lahadi Twaibu ya tsaya gaban lasifika ya bi umarni tiryan-tiryan. Ya yi kiran a bushe, a gurguje, kamar wanda ya bar abu a kan wuta. Imedi yana zaune a sahun gaba yana satar kallon dattawa. Ya ga Haji Gulam ya dubi na kusa da shi, ya ga wancan ya taɓe baki. Wani sanyi ya ratsa zuciyarsa, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka hana shi takarda. Da la'asar ya karɓi lasifikar ya yi kiransa na ƙarshe, ya ja iya ƙarfinsa, har wani tsoho ya share hawaye.

Da safiyar Litinin Haji Gulam da kansa ya kai shi a mota, Twaibu na baya rungume da jaka. A harabar ofishin 'yan Malawi sun yi layi, kowa da ƙullinsa, doguwar motar tana jira. Twaibu ya tafi kai jakar inda ake bincike. Haji ya riƙo hannun Imedi, ya kira shi da sunan da suke kiran ladan da shi.

"Bangi Sab, gaskiya babu kamarka. Jiya muka tabbatar."

Imedi ya yi murmushi. Maganar da ya kwana biyu yana jira ke nan.

"Shi ya sa muka zauna bayan magariba. Yaronka mai ladabi ne, amma kai ma ka ji shi. Bayan muryarka ba za mu iya da wannan ba. Akwai wani ɗan Zanzibar a Newcastle, wani gari nan kusa, mun yi magana da shi, jibi zai iso da iyalinsa."

"Haji, yaron yana da murya. Wallahi yana da ita. A sake jin sa sau ɗaya."

"Ɗanka ne, dole ka faɗi haka."

"Ni na ce masa ya datse."

Haji ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Har yanzu kana kare shi. Mutumin kirki ne kai, Bangi Sab. Mun riga mun ba da kalma. Kawo makullin ɗakin, zan yi wa yaron bayani da kaina in kun tashi."

Imedi ya laluba aljihu ya miƙa. Wani jami'i ya fara kiran sunaye, layin ya motsa. Twaibu ya dawo da sauri, ya durƙusa ya kama hannun kawunsa da hannu biyu.

"Kawu, ka gaya wa Inna kada ta damu, abin da kake aikawa ba zai yanke ba, har na gidanka. Jiya na yi yadda ka ce, ko?"

"Ka yi."

"Makullin fa? In kwaso kayana yau."

Aka kira Imedi Mdoka. Ya zare hannunsa.

"Yana wurin Haji," ya ce, ya hau motar ya nemi kujera a ɗaya gefen, inda ba zai hangi Twaibu ba.