Lissafin Kawu a Bayan Kwali

Da safe Likita ta shiga shagon kawunta da takardar sakamako a hannu, ido jawur. Sunan na tsokana ne, 'yan gida suka liƙa mata shi tun da ta fara karatun haɗa magunguna. Kawu kuwa mai fenti ne.

"Kawu, shi ke nan, korata za su yi," ta ce.

Dokar sashensu ba sassauci: wanda matsakaicin makinsa ya gaza 2.4 sai ya tattara nasa ya nasa. Zango shida tana riƙe da 2.6, sai zazzaɓi ya kwantar da ita a na bakwai ta ci 1.8. Ta haɗa biyun ta raba biyu, ta ga 2.2. Kwana biyu ke nan abinci ya ƙi shiga.

Kawu bai daina juya fentinsa ba. "Wancan makin na zango nawa ne?"

"Shida."

"Wannan fa?"

"Ɗaya."

"Haba Likita! Bokiti shida na fari, ɗaya na baƙi, ki ce min rabi da rabi ne? Da haka nake haɗa kala, ai da tuni na rufe shago."

Ya yago kwali, ya zaro fensir daga bayan kunne. Ya sa ta faɗa masa yunit, wato nauyin darussan: casa'in a baya, sha biyar yanzu. Ya ninka kowane maki da nauyinsa yana motsa baki, yatsansa mai busasshen fenti na bin lambobin. Ya haɗa 234 da 27, ya raba da 105, doguwar rabawar nan da ita ta manta tun da ta samu waya.

"2.48 da ɗoriya. Kin tsira, amma da ƙyar."

Sau uku ta danna wayarta, amsar ba ta canza ba. Ta zauna kan gwangwanin fenti tana dariya da hawaye. Kunya ta kama ta, alfahari da mutumin nan kuma ya cika mata ƙirji.

"Kawu, a ina ka koyi wannan?"

"Aji huɗu na firamare. A nan aka ce ba ni da kai, aka cire ni." Ya miƙa mata kwalin. "Ni ba wanda ya sake duba nawa sakamakon. Tashi ki je ki yi rajistar sabon zango."