Kalmar da Ta Tayar da Baba

A littafin farko da Auta ta rubuta akwai wani tsoho da ya bar aiki ya yi likimo a kujerar falo. Ta sha wuya kafin ta samo kalmar. Ta gwada barci, ta ga tsohon nata idonsa biyu. Ta gwada shiru, ta ji bai isa ba. Likimo ne ya ba ta abin da take nema, mutum kwance kamar iri a ƙasa, da ransa, yana jiran ruwa.

Baba, tsohon direban babbar mota, bai damu da littattafai ba. Yayar Auta ce ta karanta masa shafin, har da kashe murya. Ya saurara, ya dubi kujerar da yake kai, ya sa aka kira Auta. Ya ce a saninsa mai likimo shi ne malalacin da ke ƙaryar barci don kada a aike shi, ashe haka take kallonsa.

Auta ta rantse ba shi ba ne. Ta yi bayanin iri da ruwa, ta ce marubuta kan ɗauki kalma su ɗora mata sabon kaya, yabo ne ma idan an lura.

"To yabon ya ishe ni haka," in ji Baba.

Washegari ya fito da akwatin kayan aikinsa. Ya fara da famfon kicin da ke ɗiga, ya bar shi yana tsiri har rufi. Ya cire ƙofar banɗaki don ya gyara ƙararta, ta ƙi komawa, aka rataya zane. Fankar falo kuwa tun da ya taɓa ta take juyawa baya. Duk wanda ya yi magana sai Baba ya ce ai ba ya so a sake sa shi a littafi.

Auta tana tsakiyar littafi na biyu, amma ina, guduma ba ta bari ta haɗa jimla. Ta koma ɗaki, ta toshe kunne da auduga, a banza.

Mama ta same ta, hannu duk ruwa, ta ce don girman Allah ta canja kalmar nan kafin gidan ya rushe a kansu. Auta ta ce littafi ya riga ya shiga kasuwa, kuma ko da wuƙa a wuya ba ta da wata kalmar da ta fi ta.

"Ke da kalmarki, mu da kwasar ruwa," Mama ta ce, ta fita.

Ba a jima ba Baba ya leƙo da guduma, ya girgiza teburin rubutunta, ya ce ƙafa ɗaya na rawa. Auta ta miƙe. Ta kwashe takardunta ta tafi gidan yayarta, tunda yayar ce ta jawo, ta ce a ba ta ɗaki har Baba ya gaji.